A Kan Gadon Yaya Celina

Wasu daga cikinku sun dame ni da saƙo, wai in daina zagaye-zagaye in faɗi yadda aka yi surukata ta fara ɗora hannu a kaina. To, ku gyara zama. Ku da kuka shigo yau kuma, sunana Vicky, 'yar Baba Ishaya ta Unguwar Boro. A lokacin da wannan abu ya faru ina da saurayi, ina da yaya, muna kuma da wata ƙarya da dukan gidanmu muke ɗauke da ita a kai kamar buhun masara.

Saurayin shi ne Sylvanus, malamin lissafi a wata sakandare, dogo, mai sanyin magana, wanda ke goge takalminsa ko da kasuwa za shi. Yayar ita ce Celina. Ƙaryar kuwa ita ce wai Celina tana Fatakwal tana aiki a kamfanin mai. Da farko sakatariya ce. Amma Mama ba ta iya faɗin magana sau biyu ba tare da ta ƙara mata gishiri ba, don haka kafin damina ta wuce Yaya ta zama manaja, har an ba ta direba.

Gaskiyar ita ce, tun da masaƙar da take aiki a ofishinta ta rufe, Yaya ta daina barci. Ta fara da share tsakar gida har ƙasa ta yi rami, ta ƙare da yi wa janareton maƙwabta wa'azi. Muka kai ta wani tsohon asibitin ƙwaƙwalwa can bayan Gonin Gora, wanda wata ƙungiya ta gina, ta gaji, ta bar wa gwamnati, ita ma ta gaji.

Kun san al'adarmu. Kafin dangin miji su zo gaisuwa sai sun yi bincike. Ba ruwansu da ko kina da kirki. Su shiga unguwa a ɓoye, su sayi maggi a shagon da ke kusa da gidanku, su tambayi mai shagon ko akwai sata a gidan, ko maita, ko farfaɗiya, ko hauka. Sata ana iya yafewa, musamman in ɓarawon ya yi gini. Hauka kuwa ba a yafe ta, don an ce tana bin jini har jikoki. Ga shi mahaifiyar Sylvanus, Mama Judith, shugabar Zumuntar Mata ce a cocinsu da ke Unguwar Mu'azu, mace ce da ta taɓa fasa auren ɗan ƙanwarta saboda kakan yarinyar yana yawan magana da awaki.

Asabar ta sama aka sa za su zo gidanmu gaisuwa. Ni kuma a wannan makon ina asibiti, don doka ce duk mara lafiya sai da mai jinya daga danginta. A sanin Sylvanus, ina Zariya wajen wata antina da ta haihu. Antin nan ta wuce shekarun haihuwa tun ina firamare, amma shi lissafin makaranta kawai ya iya.

Bari in nuna muku ɗakin mata, don kada ku ce ban kai ku ko'ina ba. Daga titi asibitin yana da kyau. Tun da farar hula suka karɓi mulki wani ɗan majalisa ya zo ya yi wa bangon da ke kallon titi fenti, ya kafa allo mai ɗauke da hotonsa yana murmushi. Bangon da ke kallonmu yana jiran zaɓe mai zuwa. Gadaje na ƙarfe ne, katifun an naɗe su da leda mai kauri, in kin juya sai ta yi ƙara kamar akuya. Tagogi suna da sandunan ƙarfe don kada mutum ya fita, amma ba su da raga, don haka sauro yana shiga yana fita ba mai tambayarsa. An cire fanka saboda tsaro, an bar zafi. Ƙofar banɗaki ba ta da sakata, ita ma saboda tsaro, sai mai jinya ta tsaya a bakin ƙofa tana tari. Ruwa yana zuwa in ya ga dama, kuma bokitai sun fi mu sanin layi. Shayin safe, in kika ɗaga kofin sama, kina iya ganin ƙasansa.

Akwai wani ɓangare can gefe mai labule da talabijin, na masu hali. A can ba a hauka. Gajiya ake yi.

Sai dokokin Sista Ruth, babbar nas ɗin ɗakin. Duk wadda za ta kwana a ciki, mara lafiya ko mai jinya, ba 'yan kunne, ba sarƙa, ba madubi, ba dogon ɗankwali, ba reza. Kwana biyu a wannan ɗaki, ba mai iya bambanta mai ciwo da mai jinya sai ta hanya ɗaya: wadda ke kan gado ita ce mara lafiya, wadda ke kan benci ita ce 'yar'uwa. Abin da baƙo bai sani ba shi ne, mai jinya a ƙarƙashin gado take kwana kan tabarma, tare da kuɗin cizo da silifas ɗin kowa. In gari ya waye mara lafiya ta tashi, sai mai jinya ta haye gadon ta rama barcinta. Kowa a ɗakin haka yake yi.

Yaya kuwa a lokacin ta samu sauƙi sosai. Ita dama mace ce mai tsabta har ta ba mutum haushi. Tana ninke rigarta ta sa ƙarƙashin katifa, da safe ta fito kamar daga hannun mai guga. Ta ɗaure gashinta tsaf, ta zauna a benci da Littafi Mai Tsarki a cinya, kai ka ce ita ce ta zo duba asibitin.

Ni fa? Ruwa ya ɗauke tun jiya. Ina ɗaure da tsohon zanen Mama mai hoton kaji, da wata rigar yaƙin neman zaɓe da aka raba a unguwa. Yaya ta fara tsefe mini kitso, ta yi rabi ta ce hannunta ya gaji, don haka gefen kaina ɗaya kitso ne, ɗayan ya miƙe yana nuna sama. Sauro ya cije ni a fatar ido har ya kumbura.

Da safen Asabar, saura mako guda a zo gaisuwa, wayata ta yi ƙara. Tes ne daga Sylvanus.

“Vee, ya Zariya? Ya jaririn? Yau zan tuƙa su Mama a motar coci zuwa aikin Ubangiji. Ina kewarki.”

Na share gumi na rubuta: “Zariya lafiya, sai sanyi. Jariri kamar ubansa.”

Ban ajiye ba Mama ta yi filashin. Ita ba ta kira, kuma ba ta rubutu, sai dai ta girgiza maka waya ta jira. Na kira.

“Vicky, mutanen Judith sun zo shagon Maman Favour jiya. Maggi suka saya, sun yi awa guda ba su tafi ba. Kada ki leƙa ko taga.”

“Mama, likita ya ce Yaya ta kusa sallama. Wai ko ranar Laraba.”

Sai ta rage murya, kamar Maman Favour tana cikin wayar.

“Ki roƙe shi ya riƙe ta har bayan gaisuwa. Ko bayan biki ma. Ai ba korar ta suke yi ba.”

Wayata irin mai ƙarar nan ce, in ana magana har gado na uku ana ji. Yaya ba ta ɗago kai ba. Ta dai juya shafi, ta sa yatsa ta gyara gefen takardar da bai lanƙwashe ba. Na haye gadonta na juya wa duniya baya, barci ya ɗauke ni.

Sautin tulun kiɗan coci ne ya tashe ni. Tulu da kacau-kacau da muryoyin mata masu ƙarfi, suna tahowa ta baranda. Na buɗe idon da ke buɗuwa. Mata ne cikin zanen zumunta iri ɗaya, ɗankwali iri ɗaya, suna shigowa a jere suna rangaji. A gabansu wata doguwar mace mai faɗin kafaɗa, da jaka a hammata, tana tafiya kamar ita ta ba da kwangilar ginin.

Na taɓa ganin ta daga nesa a coci. Mama Judith.

Jama'a, aikin Ubangijin ke nan.

Na yunƙura zan faɗa ƙarƙashin gado, Yaya ta danne mini ƙafa da hannu ɗaya.

“Kwanta,” ta ce a hankali. “Hotonki kawai ta taɓa gani, ko ba haka ba?”

Haka ne. Hoton situdiyo ne, na sha hoda da gashin doki da gwaggwaro, na jingina da wani ginshiƙin roba. Ni kaina in na kalli hoton sai in yi wa yarinyar fatan alheri.

Suka bi gado gado suna raba sabulu da addu'a. Da suka iso namu, Mama Judith ta tsaya. Ta kalli kaina, ta kalli idona, ta kalli kajin da ke zanena. Ta girgiza kai a hankali. Sannan ta juya ga Yaya, fuskarta ta yi laushi.

“Sannu, 'yata. Ƙanwarki ce?”

“Ƙanwata ce, Mama. Sannunku da zuwa, Ubangiji ya saka.” Har da ɗan rusunawa.

“Wayyo. Yarinya ƙarama haka. Me ya same ta?”

Yaya ta yi ajiyar zuciya. Na ga gefen bakinta yana rawa, na san na shiga uku.

“Namiji ne, Mama. Tun da ta haɗu da wani malamin makaranta ta daina barci. Sai ki gan ta zaune tana kallon waya tana dariya ita kaɗai.”

Matan suka ce, “Yesu!”

“Tana cin abinci?”

“Har nawa take haɗawa.”

“Tana duka?”

“Sai in an taɓa mata wayar.”

Ku lura, har zuwa nan Yaya ba ta faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Shi ya fi ƙona mini rai.

Mama Judith ta miƙa jakarta ga ta bayanta, ta naɗe hannun riga, ta ɗora tafinta a gefen kaina da ya miƙe. Hannu ne mai nauyi, da zobba. Ta umarci ruhun ruɗani ya fita. Ta umarci ruhun maza mayaudara ya fita. Ta roƙi Ubangiji ya hukunta wannan malamin makaranta duk inda yake, ya hana shi sukuni, kada a ƙara masa girma. Mata suna amin, mai tulu tana bugawa. Da kowace “fita” sai ta tura kaina baya, ledar katifa ta amsa.

Ni dai na rufe ido. Na ce a raina, Vicky, daure, addu'a ba ta kisa. Za su gama su wuce, Asabar ki sha hoda, ba wanda zai sani.

Amma Mama Judith ba ta wuce ba. Ta gaji, ta zauna a benci kusa da Yaya tana fifita da ɗan littafin waƙa.

“A ina kike kwana, 'yata?”

Yaya ta nuna tabarmar da ke ƙarƙashin gado. Tabarmata.

“A ƙasa? Cikin wannan zafin? Ku zo ku gani!” Ta sunkuya ta leƙa, ta ga silifas da kuɗin cizo, ta ɗago tana taɓe baki. “Kun ga 'ya'yan da aka haifa. Ni nawa ɗan ya kawo mini hoton wata 'yar Unguwar Boro, fuska kamar an tsoma ta a garin rogo, farce kamar na shaho. Wannan za ta kwana a ƙasa saboda wani?”

“Ai irin waɗannan, Mama,” in ji Yaya, “ko bokiti ba sa iya ɗauka.”

Na kalli tafin hannuna da bokitin asibitin ya yi wa kanta. Na cije leɓe. Wata daga cikin matan ta ce, “Shugaba, kin ga tana cizon baki, abin yana motsi.”

Mama Judith ta kama hannun Yaya ta riƙe cikin nata.

“Ke fa, kin yi aure?”

“Tukuna, Mama.”

“Kina aiki?”

“Na yi a ofishin masaƙa, kafin ta rufe.”

“Ga hankali, ga tsabta, ga tsoron Allah. Ni tun da na shigo ɗakin nan ban ga mai natsuwarki ba, har cikin nas-nas ɗin.” Ta matso, ta rage murya, amma muryar shugabar zumunta ko an rage ta tana kai wa baranda. “Ina da ɗa. Ba a riga an kai goro ko'ina ba.”

Wato ina kwance ana yi wa saurayina tallan wata a gabana, kuma watar yayata ce, kuma tana sunkuyar da kai tana wasa da gefen zani kamar amarya.

Maza ba sa wuce bakin ƙofar ɗakin mata. Amma kwalin sabulu na biyu yana da nauyi, kuma Sista Ruth tana da ciwon baya. Sai na ji muryarta tana cewa, “Shigo da shi, malam, ajiye can ka fita.” Na ji takun takalmi. Takalmi mai sheƙi.

Ya zo har gaban gadon, kwali a kafaɗa. Ya ce, “Mama, ina zan…” Sai ya gan ni.

Sylvanus ya taɓa ganina ba hoda. Bai taɓa ganina haka ba, amma ya gane.

“Vee?”

Kwalin ya sauko ƙasa a hankali. Mama Judith ta kalle shi, ta kalle ni.

“Ka san ta?”

“Mama, Vicky ce.”

Mai tulu ta daina bugawa.

Na tashi zaune da sauri. “Sylvanus, tsaya ka ji. Lafiyata ƙalau. Ba ni ba ce.”

Matan suka gyaɗa kai cikin tausayi. Ɗaya ta ce, “Haka duk suke cewa.” Daga gado na gefe wata baiwar Allah da ta shekara a ɗakin ta ɗaga hannu ta ce ita ma lafiyarta ƙalau.

Bai fita ba. Ya zauna a bakin gadon, ledar ta yi kukanta, ya kama hannuna mai kanta.

“Tun yaushe? Shi ya sa kika ce Zariya? Kina nan ke kaɗai cikin wannan wurin, ni ina can ina tambayarki jariri?” Ya kalli tagar da ba raga, ya kalli idona da ya kumbura. Sannan ya juya ga uwarsa, wannan mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga wa ko ɗalibi murya ba. “Mama, kada ki ce komai. Ita zan aura. Ta warke, ko ba ta warke ba. In kin fasa zuwa ranar Asabar, zan je da Kawu Joseph.”

Zan so in ce muku nan take na gyara masa fahimta. Na buɗe baki ma. Yaya ta sunkuyo kamar za ta gyara mini filo, ta ce a kunnena, “Yi shiru mana, mu ji sauran.”

Na yi shiru. Ku yafe mini. Ba kullum mace ke jin irin wannan ba, balle da rabin kitso.

Mama Judith ta ɗaga kai ta kalli sama. Addu'ar da ta yi wa malamin makaranta ce nake jin ta dawo mata, don na ga tana motsa leɓe kamar mai janye ƙara.

Ana cikin haka Sista Ruth ta iso da tiren magani. Ita ba ruwanta da soyayya, lokacin magani lokacin magani ne.

“Celina Ishaya. Na rana.”

Ba wanda ya motsa. Duk ido yana kaina. Yaya ta miƙa tafin hannun da Mama Judith ba ta riƙe ba.

“Ni ce, Sista.”

Ta karɓi ƙwayoyin ta watsa a baki. Na sauko daga gadon na ɗebo mata ruwa a kofin roba, kamar yadda nake yi kullum. Ta sha, ta buɗe baki ta nuna wa Sista harshe, ta rufe. Sista Ruth ta kalle ni ta ce, “Ke kuma mai jinya, na hana ki hawa gadon nan in akwai baƙi,” ta wuce.

Mama Judith ta daɗe tana kallonmu. Daga ni zuwa Yaya, daga Yaya zuwa ni.

“Wato… yayar ce kawai?”

“Ni kaɗai ce, Mama,” in ji Yaya.

“Na gode wa Yesu!” Ya fito mata da ƙarfi, har da ɗaga hannu. Matar da jiya da ta ji akwai mai ciwon nan ko a cikin 'yan'uwan kakata da ta fasa, yau ga ta tana godiya don an rage mata. Sai kuma ta lura ɗaya hannun nata har yanzu yana riƙe da na Yaya. Na ga ta kalle shi. Na jira ta saki.

Ba ta saki ba.

“Ke ce ta Fatakwal?”

“Ni ce manajan.”

Wata cikin matan ta tuntsire da dariya, ta mayar da ita tari.

“Mama,” Yaya ta ce, “maganar ɗan naki tana nan, ko an janye?”

“Rufe mini baki, mara kunya.” Amma ba da faɗa ta faɗa ba. Ta miƙe, ta karɓi jakarta, ta gyara ɗankwali. Ta kira Sista Ruth ta tambaye ta yaushe za a sallami wannan. Sista ta ce likita ya ce ko Laraba, in dangi sun shirya karɓar ta.

“In dangi sun shirya,” Mama Judith ta maimaita. Ta juyo gare ni, karo na farko tana kallona a matsayin mai hankali, kuma wallahi na fi son kallon farko. “Ke. Ban ce na yarda ba, ban ce na ƙi ba. Sai na yi addu'a, sai na ga mahaifiyarki ido da ido. Amma ki gaya mata, ranar Asabar in na shigo falonku ina so in ga wannan a zaune, ita za ta miƙo mini ruwa. In aka ce mini tana wani gari, gorona zai koma Unguwar Mu'azu yadda ya zo.”

Ta juya. Tulu ya tashi, mata suka bi ta zuwa gado na gaba. Sylvanus ya tsaya yana kallona, bakinsa yana neman tambayar da zai fara da ita, har Sista Ruth ta kore shi da gefen tire.

Yaya ta koma benci ta buɗe littafinta. Ba ta karanta komai ba. Can ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, “Shuɗin leshin nan nawa yana cikin akwatin Mama. Sai an wanke shi.”

Wayata ta girgiza a kan katifa, ta tsaya. Mama ce, filashin.

“Kira ta mana,” in ji Yaya. “Ki sa a sifika.”